Zafin bazara da tsadar wuta: Asarar da muke tafkawa wajen gyaran esi

Ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan, abubuwa biyu suka faru waɗanda har yau muke cikin tasirinsu. A garin Kayes na ƙasar Mali ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5, zafin da ya ratsa yankin Sahel har ya taɓo arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar. A Abuja kuma, a wannan rana, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta sanar da ƙarin kuɗin wuta ga masu rukunin Band A daga kimanin N68 zuwa N225 a kan kowane yunit. An rage shi zuwa N206.80 a watan Mayu, sannan aka mayar da shi N209.50 a Yulin shekarar.

A asibitin Gabriel Touré da ke Bamako, mutum 102 ne suka rasu cikin kwana huɗun farko na wancan Afrilu, alhali a ɗaukacin Afrilun 2023 mutum 130 aka ƙirga. Masana yanayi da suka nazarci lamarin sun ce da ba don ɗumamar duniya ba, da zafin bai kai haka ba, kuma irinsa zai riƙa dawowa. Ma'anar wannan ga mazaunin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ita ce buƙatar sanyaya ɗaki tana ƙaruwa a daidai lokacin da kuɗin sanyayawar ya ninka sau uku.

An yi ta muhawara kan farashin wuta, kuma muhawarar tana kan hanya. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ita kanta na'urar sanyaya ɗakin, wadda aka fi sani da esi, da kuma mutumin da muke kira ya gyara ta. A wannan lungu ne kuɗi masu yawa suke zurarewa daga aljihun ɗan kasuwa da ma'aikaci da baitulmalin gwamnati, a wasu lokutan ma har da rayuka.

Lissafin da mita ke yi

Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wanda aka fi sakawa a ɗakin kwana da ƙananan ofisoshi, yana jan wutar da ta kai kimanin kilowat 1.2 idan kwamfuresarsa tana aiki. In aka kunna shi awa 8 kowane dare har wata guda, kuma zafi bai bar kwamfuresar ta huta ba, ya sha yunit 288 ke nan. A tsohon farashi na N68 kuɗin bai kai N20,000 ba. A kan N209.50 kuwa ya ɗara N60,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 shi ne N70,000. Wato esi guda ɗaya a ɗaki ɗaya na iya lashe kusan dukan albashin ƙaramin ma'aikaci.

Wanda ba ya cikin Band A bai tsira ba, domin shi wutar ce ba ta zuwa masa, sai ya koma ga janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N1,000 a sassan ƙasar nan kafin ƙarshen 2024. Naira kuma, bayan an sake ta a kasuwa a Yunin 2023, ta faɗi daga kimanin N460 zuwa sama da N1,500 a kan dala ɗaya. Esi da kwamfuresa da gas da bututun jan ƙarfe duk da dala ake shigo da su ko kayan haɗa su. Saboda haka magidancin da a da yake jefar da tsohon esi ya sayi sabo, yanzu lallaɓa tsohon yake yi. Mai gyara ya zama mutumin da ba a iya yi sai da shi.

A lokacin da aka yi ƙarin, Ministan Wutar Lantarki Adebayo Adelabu ya zargi 'yan Najeriya da barin firji da esi a kunne saboda arhar wuta, maganar da ta jawo masa suka har ya nemi afuwa. Mutanen da ba sa samun wutar awa shida a rana suna da hujjar jin haushi. Sai dai akwai ɓarnar wuta ta gaske da ministan bai ambata ba, wadda ke faruwa ko da mai gida ya kashe esinsa a kan lokaci: na'urar da ta toshe da ƙura, ko gas ɗinta ya ragu, tana daɗewa tana aiki kafin ɗaki ya yi sanyi, mita kuma tana ta ƙirga. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsabtace matatar iska kaɗai na iya rage shan wutar esi da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. A lissafinmu na sama, kashi 10 ya kai N6,000 a wata, a kan aikin da yaro zai yi da bokitin ruwa cikin minti goma.

"Oga, gas ne ya ƙare"

Duk wanda ya taɓa kiran mai gyaran esi ya san wannan jimla. Ni kaina na biya kuɗin ɗurin gas sau biyu a bazara ɗaya a kan na'ura guda, kafin wani dattijon makanike ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututun da ke bayan ɗaki ya nuna mini kumfa tana tasowa. Aikin da ya yi bai kai awa ɗaya ba, kuma tun daga ranar ba a sake ɗura mata komai ba.

Esi ba ya ƙona gas yadda mota ke ƙona fetur. Gas ɗin yana zagayawa ne a cikin rufaffen bututu. A sashen da ke cikin ɗaki yana tsotse zafin iska, kwamfuresa ta matsa shi ta tura shi sashen da ke waje, fanka ta fifita shi ya zubar da zafin, sannan ya dawo ya sake ɗauka. Wannan zagaye zai iya yin shekara goma ba tare da an ƙara ko ɗigo ba. Idan gas ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma galibi a mahaɗar bututu ne, inda aka buɗa bakin jan ƙarfen aka ɗaure da noti ranar da aka kafa na'urar. Ɗura gas ba tare da toshe ɓular ba zuba ruwa ne a kwando.

Dalilin da ya sa wannan ɗabi'a ta yi kaka-gida a fili yake. Neman yoyo yana cin lokaci, mai gida kuma ba ya ganin abin da aka yi, don haka ba ya son biya. Ɗurin gas kuwa minti ashirin ne, ga tukunya ana gani, ga sanyi ya dawo nan take, kowa ya rabu da murna. Bayan mako shida a sake kiran mai gyara. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu masu na'urorin mun saba da biyan kuɗin kaya muna ƙyashin biyan kuɗin ilimi, mai sana'a kuwa inda kuɗi yake nan yake karkata.

Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗin gas ba. Gas ɗin da ke komawa ga kwamfuresa shi ke sanyaya ta, don haka idan ya yi ƙaranci sai ta yi ta zafi har wayarta ta ƙone. Kwamfuresa ita ce mafi tsada a jikin esi, kuma sau da yawa sauya ta ya kusa kuɗin sayen wata na'urar.

Akwai kuskure na biyu da ake yi tun ranar kafawa. Ƙa'ida ita ce bayan an haɗa bututu a sa famfon zuƙe iska ya fitar da duk iska da laimar da ke ciki kafin a saki gas. Masu kafawa da yawa ba su mallaki wannan famfo ba, sai su saki gas kaɗan ya kore iskar, su ɗaure noti su karɓi kuɗinsu. Laimar da ta rage tana haɗuwa da man kwamfuresa ta zama sinadari mai cin ƙarfe da rufin waya. Na'urar za ta yi aiki lafiya shekara ɗaya ko biyu, daga baya ta mutu, a ɗora laifin a kan kamfanin da ya ƙera ta ko a kan masu wuta.

Ƙurar hunturu da raunin wuta

Arewa tana da nata matsalolin da kudu ba ta da su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta cusa ta cikin siraran ƙarafan sashen waje na esi. A watannin nan na'urar a kashe take, babu mai waiwayarta. Da Maris ya kama sai a kunna ta a haka, a nemi ta fitar da zafi ta jikin da ƙura ta rufe, a ranar da iskar waje kanta ta haura digiri 40. Wannan ne ya sa masu gyara ba sa samun sukuni daga Maris zuwa Mayu, kuma kuɗin aikinsu yake tashi. Lokacin da ya dace a wanke esi shi ne ƙarshen Fabrairu, kafin layi ya yi tsawo. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, rigakafi kuma ya fi magani.

Wani abin da mai saye ba ya tambaya a shago shi ne ajin yanayin da aka ƙera na'urar dominsa. A ma'aunin ƙasa da ƙasa, esi mai lambar T1 ana gwada ƙarfinsa ne a zafin digiri 35, mai lambar T3 kuma a digiri 46. Na farkon an yi shi ne domin ƙasashe masu matsakaicin zafi, na biyun domin wurare irin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Zafin Sakkwato da Nguru da Yola a watan Afrilu ya fi kusa da na biyun. Esin T1 a irin wannan rana ƙarfinsa raguwa yake yi, shan wutarsa ya ƙaru, wani lokacin ya riƙa kashe kansa. Sai a kira mai gyara, shi kuma ya ce gas ne. Lambar tana rubuce a jikin takardar da aka manna wa na'urar, duba ta ba ya cin kobo.

Sai matsalar wutar kanta. An ƙera na'urorinmu su yi aiki a kan bolt 220 zuwa 240, amma a unguwanni da yawa abin da ke isowa da daddare ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, saboda taransifoma ɗaya tana ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta. Idan wuta ta yi rauni, kwamfuresa tana ƙoƙarin tashi ta kasa, tana jan wuta fiye da kima, tana zafi. Haka ma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take: matsin da ke cikin bututu bai daidaita ba, dole a ba na'urar kamar minti uku kafin ta sake tashi. Sitabilaiza mai jinkirta kunnawa ta fi kwamfuresa arha sau da yawa. Shi ma ƙaramin kapasita da ke taimaka wa kwamfuresa tashi yana yawan mutuwa saboda zafi, kuma an sha yanke wa kwamfuresa mai rai hukuncin mutuwa alhali wannan ɗan abin ne ya lalace.

Sababbin esi masu inbata, waɗanda ke rage gudun kwamfuresa maimakon kashe ta da kunna ta, suna shan wuta kaɗan kuma su ne masu sola suka fi so. Tun bayan duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa na fiye da mako guda a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta daga Shiroro da kuma ta Ugwuaji zuwa Apir suka samu matsala, 'yan kasuwa da yawa suka karkata ga sola. Amma esi mai inbata yana da allon lantarki irin na kwamfuta, wanda wuta mai hawa da sauka ke ƙonawa cikin sauƙi. Makaniken da ya koyi aiki a kan tsohon esin taga da walda da sukuddireba ba zai iya karanta wannan allo ba sai an sake koya masa.

Gas ɗin da wa'adinsa ya kusa cika

Nan ne batun ya tashi daga bayan ɗaki ya shiga yarjejeniyar duniya. Tsofaffin esi da ke gidajenmu da ofisoshinmu yawancinsu suna amfani da gas mai lamba R22, wanda ke lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ƙasashe masu tasowa sun ɗauki alƙawarin rage amfani da irin wannan gas da kashi 10 cikin 100 a 2015, kashi 35 a 2020, kashi 67.5 a 2025, sannan a daina a 2030, in ban da ɗan abin da aka bari domin gyaran tsofaffin na'urori zuwa 2040. Adadin da aka yarda a shigo da shi raguwa yake yi. Abin da ya yi ƙaranci kuwa tsada yake yi, kuma jabu yake haifarwa.

Gas ɗin da ya gaji R22, wato R410A, ba ya taɓa ozon amma yana ɗumama duniya: kilo ɗaya nasa ya yi daidai da sama da kilo 2,000 na hayaƙin kabon. Domin haka aka yi wa yarjejeniyar gyara a birnin Kigali na Ruwanda a Oktoban 2016, Najeriya ta amince a 2018. Rukunin ƙasashen da muke ciki ya tsayar da ƙaruwar amfani da wannan nau'i daga 2024, zai rage kashi 10 a 2029, har ya kai ragin kashi 80 a 2045. Masana'antu sun koma ga R32, wanda ɗumamarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na R410A ba, da kuma R290, wanda kusan ba ya ɗumama komai.

Ga inda gizo ke saƙa. R22 da R410A ba sa kama wuta a yanayin aiki na yau da kullum. R32 yana kamawa kaɗan. R290 kuwa furofen ne, ɗan'uwan gas ɗin girki, haka ma R600a da ke cikin yawancin sababbin firji. Makaniken da ya saba sakin gas a cikin ɗaki ya kunna wutar walda a kan bututu, idan ya yi wa sabuwar na'ura haka, yana wasa da ransa da na mutanen gidan. Wasu kuma suna gwada yoyo da iskar oksijin ta tukunyar walda saboda ita ce a hannu, alhali oksijin mai matsi idan ya haɗu da man kwamfuresa fashewa yake yi. Iskar naitirojin ake amfani da ita wajen wannan gwaji.

Haɗarin gas na jabu ma ba tatsuniya ba ne. A 2011 wasu kwantenonin jiragen ruwa masu sanyi sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka mutu, bincike ya nuna an ɗura musu gurɓataccen gas ne da aka sayar da sunan na gaske. Idan manyan kamfanonin sufurin teku sun faɗa wannan rami, ina ga mai shago a Sabon Gari ko Kasuwar Barci da ke sayen tukunya bisa launin fenti da sunan da aka rubuta a jiki? Ko ba a kai ga fashewa ba, cakuɗa gas iri biyu a na'ura ɗaya yana kashe ta, domin matsin R410A ya fi na R22 da fiye da rabi, kuma man da kowanne ke tafiya da shi daban ne.

Kasuwar 'yan gwanjo

A jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su akwai tsofaffin esi da tsofaffin firji da tsofaffin kwamfuresa. Duk wanda ya zaga kasuwannin kayan lantarki na manyan biranenmu ya san yadda dokar take a aikace. Ghana ta yi irin wannan doka a 2008, ta fara aiwatar da ita da gaske a 2013, ta haɗa da tilasta manna takardar taurari da ke nuna wa mai saye yawan wutar da na'ura ke sha. Mu a nan mai saye yana tambayar ƙarfin doki da farashi ne kawai.

Esin gwanjo yana da arha ranar saye. Amma na'ura ce da wata ƙasa ta yar saboda shan wuta ko saboda gas ɗinta ya fita daga doka, kuma sabon mai ita zai biya bambancin a mita wata bayan wata. Lokacin da yunit yake N68 ana iya kawar da kai. A kan N209.50, arhar gwanjo ta zama bashi mai ruwa. Ko a cikin sababbi, ƙasar da ba ta sa ido kan mafi ƙarancin inganci ita ce ake kawo wa samfurin da ba a yarda a sayar a inda aka ƙera shi ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashe a 2018 cewa yawan esi a duniya zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin 2050, kuma mafi yawan ƙarin a ƙasashe masu zafi ne. Irin na'urar da muka bari ta shigo yau ita ce za ta riƙa jan wutar ƙasar nan shekara goma sha biyar masu zuwa.

Ofisoshin gwamnati

Ma'aikaci ba ya buƙatar a ba shi labari. A sakatariyoyi da yawa za ka ga esi uku a bango ɗaya, na taga da ya mutu tun tuni, na biyu da aka sayo ya maye gurbinsa shi ma ya tsaya, na uku yana ɗigar da ruwa a kan fayil. Sayen sabo yana da kwangila da takardar biya, wanke tsoho kuwa ba shi da mai nema masa kuɗi. A Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Zartarwa ta 11 wadda ta umarci ma'aikatu da hukumomin tarayya su kafa sassan kula da gine-ginensu. Manufar tana da kyau, abin da ya rage shi ne a gan ta a kasafin kuɗi da kuma a jikin bango.

Batun ya ƙara nauyi tun da kuɗin wuta ya fara shaƙe hukumomin kansu. A Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya yi barazanar yanke wa ma'aikatu da hukumomi 86 wuta saboda bashin da ya haura naira biliyan 47, bayan ƙarin Afrilu kuma jami'o'i da asibitocin koyarwa suka yi ta kokawa. A irin waɗannan gine-gine na'urorin sanyi ne kan gaba wajen shan wuta. A asibiti kuma maganar ta wuce jin daɗi, domin ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini da ta alluran rigakafi duk a kan sanyi suke rayuwa.

Akwai matakin da ba ya buƙatar kwangila. Indiya ta wajabta wa masu ƙera esi su saita shi a digiri 24 tun daga masana'anta daga Janairun 2020, hukumar tsimin makamashinta kuma ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage shan wuta da kimanin kashi 6 cikin 100. Japan tun 2005 take ƙarfafa ofisoshi su tsaya a digiri 28 ma'aikata su sassauta tufafi. A nan kuwa ana saita esi a 16, shugaban ofis ya zauna da babbar riga ko kwat, a fita sallah a bar ƙofa a buɗe. Saita shi a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, hana kwamfuresa hutawa kawai yake yi. Takardar umarni guda daga ofishin shugaban ma'aikata ta isa ta fara gyara wannan.

Ɗaya fuskar: ɗumama ɗaki

Ba a cika sayen na'urar ɗumama gida a ƙasar nan ba, amma sanyin Disamba da Janairu a Jos da Zariya da Funtuwa da tsaunin Mambila yana sa mutane shiga da kaskon garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gawayi mai ci a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, irin wadda janareta ke fitarwa, kuma kusan kowace shekara jaridu suna ɗauke da labarin iyalin da suka kwanta ba su tashi ba. Hitar ɗumama ruwa da aka manta a bokiti, da wayar da ba ta kai kaurin ɗaukar esi ko hita ba, suna cikin abubuwan da jami'an kashe gobara ke yawan gargaɗi a kansu a gidaje da kasuwanni. Ɗan kasuwar da ya ƙara esi a shago a kan tsohuwar wayar da aka ja domin ƙwan fitila da fanka yana jefa dukiyarsa da ta maƙwabtansa cikin haɗari.

Abin da ya kamata a yi

Mafi yawan masu gyaran esi da firji a Arewa sun koyi sana'ar ne a hannun ubangida, kuma cikinsu akwai gwanaye na gaske. Abin da ya sauya shi ne na'urar da gas ɗinta. Akwai Ofishin Ozon na Ƙasa a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, akwai ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, NARAP, akwai Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, da hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha. Horon da ake yi a otal a Abuja da Turanci ba zai kai ga yaron da ke ɗaure da tukunyar gas a bayan babur a Kurna ko Tudun Wada ba. A kai horon kasuwa, a yi shi da Hausa, a ba wanda ya ci jarrabawa katin shaida da mai gida zai iya nema ya gani. Gwamnatocin jihohi da ke raba kekunan ɗinki da sunan tallafi za su iya ba masu wannan sana'a rancen famfon zuƙe iska da ma'aunin matsi da tukunyar naitirojin. Kwastam da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, su kuma aikinsu shi ne tsare ƙofa daga gwanjo da gas na jabu.

Ya kamata kuma mu daina ɗaukar esi a matsayin amsa ɗaya tilo. Zafin Arewa kafin damina busasshe ne, kuma a busasshiyar iska na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, irin wadda aka daɗe ana amfani da ita a Khartum da Yamai, tana aiki sosai da wutar da ba ta wuce ta fanka ba da yawa. Hikimar da ke cikinta ita ce ta randa da tulu, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya gina tukunya-cikin-tukunyarsa a kanta a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Kakanninmu sun gina soro da tubali mai kaurin bango, mu muka koma bulo siriri da kwano ba silin mai kare zafi, muka sare bishiyar tsakar gida muka malale siminti, sannan muka sayo na'ura ta yi faɗa da ginin. Inuwa a kan sashen waje na esi, da labule a tagar yamma, da farin fenti a rufi, duk suna rage wa mita gudu.

Shi kuwa mai gida ko mai shago, abin da ke hannunsa ba shi da yawa kuma ba shi da wuya. Ya wanke matatar iska duk mako biyu a lokacin ƙura, ya sa a wanke sashen waje kafin Maris, ya saita na'urar a 24 ya haɗa da fanka. Idan ya ga maiƙo a mahaɗar bututu, ya san yoyo ne. Ranar da mai gyara ya ce masa gas ya ƙare, ya tambaye shi ta ina ya fita, ya tsaya a nuna masa wurin, ya kuma biya kuɗin toshewar ba tare da ƙyashi ba kafin a buɗe tukunya.